Cinikin biri a sama: katunan salula da samarin Kara-Kara

Akwai kalma ɗaya ta Faransanci wadda ɗalibanmu suke ganewa tun daga nesa, har da waɗanda jumla mai layi biyu take gagara a takardar jarrabawa: « gratuit », wato kyauta. Da wannan kalma ake buɗe ƙofar wasannin tara katuna na wayar salula, waɗanda a ƴan shekarun nan suka zauna daram a fadojin samarin Damagaram, daga Birni zuwa Zango, daga Garin Malam zuwa Kara-Kara. Idan malami ya ɗauko zancensu a gaban manya, amsa biyu yake samu. Wasu su ce ai wasan yara ne, tun da ba kuɗi ake biya ba a bar yaro ya ɗebe kewa. Wasu su ce sheɗancin Turawa ne, a ƙwace wayar a kulle a akwati. Ni kam ina ganin ɓangarorin biyu duka sun yanke hukunci ba tare da sun buɗe wasan sun leƙa cikinsa ba, kuma a tsakanin sakacin na farko da fushin na biyu ne ake tatsar ƴaƴanmu. Abin da nake so in tabbatar a wannan maƙala shi ne, ƙunshin katin da ake buɗewa a salula cinikin biri a sama ne, da ilimi da lissafi aka tsara shi, kuma da ilimi da lissafi ne za mu iya kare yaro daga gare shi.

Bari mu soma da yadda ake farawa, domin da yawa daga abokan aikina ba su taɓa ganin abin da idonsu ba. Yaro zai sauko da wasan cikin wayarsa ko ta yayansa, bai biya ko dala ba. Ranar farko ranar biki ce. Ana yi masa maraba, a miƙa masa ƙunshi bayan ƙunshi, kowanne da katuna a rufe cikinsa. Sai ya ja yatsa a kan gilashi kamar mai yage ambulan, haske ya tashi, kiɗa ya kaɗa, katunan su fito ɗaya bayan ɗaya. Wasanni da yawa sukan ba sabon shiga wani fitaccen kati tun a kwanakin nan na farko, don ya ɗanɗani daɗin dace. Daga nan sai a nuna masa kundinsa: ga gurabun da ya cika, ga ɗaruruwan da ke wayam suna kallonsa. Bayan kwana kaɗan kyautar ta fara janyewa. Agogo ya bayyana a gefe yana ƙirga awowin da suka rage kafin ƙunshi na gaba, kuma a ƙarƙashin agogon akwai maɓalli mai cewa, in ba ka iya jira, biya. Ba da sefa ko dalar Amurka ake nuna farashin ba. An ƙago wani kuɗi na cikin wasa, zinariya ko lu'ulu'u ko tsaba, wanda sai ka saye shi da kuɗin gaske tukuna, ta yadda a lokacin kashewa ba ka jin zafin fitar kuɗin. Akwai kuma tukuicin shiga kullum, wanda in ka yi fashin rana ya wuce ka, da tayin da ake cewa zai ƙare cikin kwana uku. Wannan shi ne farawa. Mai kamun kifi ma ba ya sayar wa kifi tsutsar da ke bakin ƙugiya.

Wasannin nan suna da sunaye, suna da iyayen gida. Waɗanda samarinmu suka fi sani su ne na ƙwallon ƙafa: eFootball na kamfanin Konami na Japan, wanda kafin 2021 ake kira PES, da FC Mobile na kamfanin EA na Amurka, wanda har zuwa 2023 yake ɗauke da sunan FIFA. A cikinsu kowane ɗan wasa kati ne, kuma ɗan wasa guda yana iya fitowa a katuna daban-daban, wani ya fi wani ƙarfi. Tsarin ya bunƙasa ne da sashen Ultimate Team da EA ya shigar cikin FIFA a 2009, sashen da a shekarar kuɗi ta 2021 ya kawo wa kamfanin dalar Amurka miliyar ɗaya da miliyan 620 daga wasanninsa daban-daban. Misali mafi tsabta kuwa shi ne Pokémon TCG Pocket, wanda ya fito ranar 30 ga Oktoba 2024, kuma zuwa Fabrairu 2025 an sauko da shi sau miliyan 100 a duniya. Yana ba da ƙunshi ɗaya kyauta kowace awa 12, kowane ƙunshi da kati biyar. Mai son na uku a rana sai ya biya kusan dalar Amurka goma a wata, kuɗin da ya haura jaka biyar na sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 42. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma ya san cewa kalmar « gratuit » ba daga bakin mai sadaka ta fito ba.

Kada a ɗauka ina zargin son tarawa. Yaro mai tarawa yaro ne mai lura, yana jerawa, yana kasawa, yana haddace sunaye, kuma a kan irin wannan ɗabi'a aka gina ilimin tsirrai da na tarihi. Mu ma da muke shekaru arba'in da ƴan kai mun tara murafun kwalba da hotunan ƴan ƙwallo da na ƴan fim ɗin Indiya, muna musaya a bakin makaranta. A Turai kamfanin Panini na birnin Modena a Italiya ya fara sayar da hotunan ƴan ƙwallo a ƙunshi tun 1961, ya fitar da kundin Kofin Duniya na farko a 1970. Shi ma a rufe yake sayarwa, shi ma yana cin riba da maimaici. Amma katin takarda yana da abu biyu da suke rage masa sharri: naka ne, kuma kana iya musanya shi. A 2018 wani malamin lissafi na Jami'ar Cardiff, Farfesa Paul Harper, ya lissafa kundin Panini na wannan shekara mai gurbi 682. Ya samu cewa mai tarawa shi kaɗai, in ba ya musaya, zai sayi hotuna 4832 a matsakaici kafin ya cika kundin, wato ninki bakwai na abin da yake bukata, a kan kuɗi kusan fam 773. Idan kuwa abokai goma suka haɗu suna musaya, kuɗin kowannensu ya sauko zuwa kusan sulusin haka. Zumunci ne yake karya farashin, kuma mai sayarwa ba shi da ikon hana yara biyu musaya a ƙarƙashin bishiyar bedi.

To, a salula yana da wannan iko, kuma yana amfani da shi. A eFootball ba ka iya miƙa wa abokinka katinka. A Pokémon TCG Pocket ba a buɗe musaya ba sai a ƙarshen Janairu 2025, kuma da aka buɗe ta an ɗaure ta da sharuɗɗa: katuna mafi daraja ba sa shiga ciki, kati sai da mai daraja irin tasa, kuma kafin a yi musayar kati mai ɗan daraja sai an lalata wasu katuna don samun kuɗin musayar. Sai da masu wasa suka yi ta kuka kafin kamfanin ya sassauta daga baya. Wato dai abu ɗaya da yake sauƙaƙa wa talaka tarawa shi ne aka fara toshewa. Mallaka kuma ba a maganarta. Katin ba ya cikin wayar yaro, yana cikin kwamfutocin kamfani a wata nahiya, kuma abin da yaro ya amince da shi a ranar farko, cikin dogon rubutun da ba wanda yake karantawa, izinin amfani ne wanda ake iya janyewa. An rufe wasan Pokémon Duel a ƙarshen Oktoba 2019, duk abin da mutane suka tara a ciki ya tafi tare da shi. A Janairu 2025, lokacin da dokar Amurka ta taɓa kamfanin da ya mallaki TikTok, wasan katuna na Marvel Snap ya ɗauke wa Amurkawa dare ɗaya, domin mai buga shi a lokacin reshen wannan kamfani ne. Ya dawo bayan ɗan lokaci, amma darasin ya zauna. A Ultimate Team na manyan na'urori kuwa, kowace shekara sabon wasa ne, katunan bara ba sa bin mai su zuwa na bana. Murfin kwalbar da na tara ina yaro, in na ga dama yau in ba ɗana. Wanda ya tara a salula aro ya tara.

Yanzu mu zo ga lissafi, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Mu ƙaddara wasa ya ce damar samun wani kati ɗaya ce cikin ɗari. Tambayi ɗalibai a aji, kusan dukkansu za su ce in an buɗe ƙunshi ɗari dole katin ya fito. Ba haka ba ne. Kowane ƙunshi ba shi da labarin na bayansa, saboda haka in mutum ɗari suka buɗe ƙunshi ɗari kowannensu, kimanin 37 daga cikinsu za su tashi hannu rabbana. Sai an buɗe ƙunshi 69 kafin damar samu ta kai rabi. A Pokémon TCG Pocket akwai wani ƙunshi na musamman wanda dukan katunansa masu daraja ne, kuma damar fitowarsa ɗaya ce cikin 2000. Mai dogaro da ƙunshi biyu na kyauta a rana zai yi kwana dubu kafin ya buɗe 2000, kusan shekara uku ke nan, kuma ko a lokacin ba tabbas. Amma da yake mutane miliyoyi ne suke buɗewa, kullum akwai wanda ya dace, kullum hotonsa yana yawo a WhatsApp da TikTok. Yaro yana ganin wanda ya samu, ba ya ganin dubban da suka rasa, domin ba wanda yake ɗaukar hoton rashinsa ya aika wa abokai.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Masanin halayya na Jami'ar Harvard, B. F. Skinner, ya gwada ta a kan tattabaru, ya wallafa sakamakon tare da Charles Ferster a 1957. Tattabarar da ake ba tsaba duk lokacin da ta caki maɓalli takan daina da wuri idan tsabar ta yanke. Wadda ake ba ta ba bisa ƙa'ida ba, wani lokaci bayan caka biyar, wani lokaci bayan hamsin, ita ce take ci gaba da caka ba ji ba gani. A kan wannan aka gina na'urorin gidajen caca, a kansa kuma aka gina ƙunshin kati. A 2018 wasu masu bincike biyu na birnin York a Ingila, David Zendle da Paul Cairns, sun tambayi masu wasa 7422, suka samu cewa waɗanda suka fi kashe kuɗi a kan irin wannan ƙunshi su ne suka fi nuna alamun matsalar caca. Binciken bai ce wanne ya haifi wanne ba, kuma gaskiya ta wajabta a faɗi haka. Amma ko ƙunshin ne yake koyar da caca, ko kuwa mai ciwon caca ne yake faɗawa ƙunshin, a hali biyun duka kuɗin mai rauni ake ci.

Masu kare wasan suna da hujja guda da suke ji da ita: a caca kana iya tashi ba komai, a nan kuwa kowane ƙunshi yana ba ka wani abu. Amsar ita ce, wanda ya biya don neman raƙumi aka ba shi fara biyar bai tashi da komai ba, ko da hannunsa a cike yake. Malamanmu sun san wannan ciniki tun kafin a yi wutar lantarki. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana sayar da kifin da ke cikin kogi da ɗan da ke cikin uwarsa, saboda mai saye bai san abin da ya saya ba. Bahaushe ya taƙaice shi da cewa ba a cinikin biri a sama. Ƙasashen da suka ƙera wasannin su ma sun gane. A 2012 hukumar kare masu saye ta Japan ta haramta wani salo da ake kira « kompu gacha », inda sai ka cika jerin katuna na sa'a kafin a ba ka babban kati. Kamfanin DeNA, ɗaya daga masu yin Pokémon TCG Pocket a yau, yana cikin waɗanda suka yi amfani da salon a wancan lokaci. A 2017 Sin ta tilasta wa kamfanoni bayyana damar samun kowane abu. A Afrilu 2018 hukumar caca ta Beljiyam ta yanke cewa ƙunshin da ake saye da kuɗi caca ne, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da kuɗin wasan FIFA a ƙasar. A Janairu 2025 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa masu wasan Genshin Impact biyan dala miliyan 20, ta hana su sayar da ƙunshi ga wanda bai kai shekara 16 ba sai da yardar iyaye. Ba ko'ina aka yi nasara ba: a Holan an ci EA tara, amma babbar kotun ƙasar ta soke tarar a 2022, a Ingila kuma gwamnati ta ƙi yin doka a shekarar. Abin lura dai shi ne, a can alƙalai da ƴan majalisa ne suke jayayya a kan abin da mu a nan muke kira wasan yara.

Hujja ta biyu ita ce ta gida, kuma ta fi ta farko ƙarfi. Ana cewa ɗan Kara-Kara ba shi da katin banki, ba shi da abin da za a ci daga gare shi, talaucinsa ma shi ne garkuwarsa. Da ma haka ne! Yaron da bai sayi ƙunshi ba yana sayen forfe. Mu ƙaddara dala arba'in a rana: jaka shida ke nan a wata, jaka 54 a watanni tara na shekarar karatu, ban da kuɗin cajin waya a rumfar mai janareto idan wuta ta ɗauke. Yana kuma biya da barcinsa, domin agogon wasan ba ruwansa da ƙararrawar makaranta, kuma malamin da yake shiga aji da ƙarfe takwas ya san fuskar wanda ya kwana yana jiran ƙunshi. Sa'an nan inda babu katin banki dillali yakan tsiro. Akwai masu karɓar kuɗi ta waya su saya wa yaro tsabar wasa da ribarsu a kai, akwai masu sayar da asusun da aka riga aka cika da katuna. Wani ɗalibina na aji huɗu a kwaleji ya tara kuɗin da ya samu a aikin hutu, ya aika wa wani da bai taɓa gani ba don ya sayi irin wannan asusu. Bayan mako biyu mai sayarwa ya sauya kalmar sirri ya karɓe abinsa. Ba inda yaron zai kai ƙara, domin sayen asusu ya saɓa wa sharuɗɗan wasan tun farko. Ko wanda bai biya komai ba ma yana yi wa kamfani aiki, tun da shi ne taron da mai kuɗi yake burgewa da katinsa, shi ne abokin karawar da ake lallasawa don mai biya ya ji daɗin abin da ya biya.

Me ya sa na ambaci Kara-Kara musamman? Ba don yaranta sun fi na wasu unguwanni rauni ba. Ɗan ma'aikaci a Sabon Gari ya fi su kashe kuɗi a wasan, tun da ya fi su samu. Na ambace ta ne saboda abin da ƙunshin yake sayarwa a zahiri shi ne abin da gari ya daɗe yana hana wannan unguwa, wato matsayi. Unguwa ce da tun da can aka ware wa masu cutar kuturta da waɗanda gari ya ture gefe, kuma jikokinsu sun gaji tabon ba tare da sun gaji cutar ba. Wanda ya kalli fim ɗin « Zinder » na Aïcha Macky, ƴar wannan gari, wanda ya fito a 2021, ya ga samarin « palais » suna ɗaga ƙarfe, suna safarar man fetur daga kan iyaka, suna neman suna ta kowace hanya domin ba wanda ya kira su da suna mai daɗi. Ƙannen waɗannan samari su ne suke riƙe da salula yau. Wasan yana ce wa yaro, a nan ba a tambayar unguwarka, ba a tambayar sana'ar ubanka, kati ɗaya zai sa fada ta yi shiru ta dube ka. Wannan alkawari ne mai ƙarfi, kuma wanda bai taɓa jin an raina shi saboda sunan unguwarsa ba bai kamata ya yi masa dariya ba. Amma matsayin da ake samu ta sa'a, wanda kamfani zai iya rage masa daraja da sabon kati a wata mai zuwa, rigar aro ce.

Ga masu cewa a ƙwace waya kuwa, ina da magana. An gwada hani. A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta katunan Pokémon, kuma caca na cikin dalilan da ta bayar. Bayan shekaru fiye da ashirin Pokémon ya fi da ƙarfi a duniya. Wayar da ka ƙwace da rana, yaro zai ari ta abokinsa da dare, sai dai yanzu ba zai ƙara gaya maka komai ba, kuma ranar da dillali ya cuce shi kai ne na ƙarshe da zai ji. Ban da haka, a cikin wasannin akwai abin kirki wanda adalci ya sa a faɗa. Haɗa ƙungiya ko jerin katuna da za su yi aiki tare tunani ne irin na mai dara, kuma na ga yaran da suka koyi kalmomin Faransanci da Ingilishi a wasan fiye da yadda suka koya a littafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da ta shigar da ciwon wasan na'ura cikin jerin cututtuka a 2019 ba ta ce duk mai wasa majinyaci ne ba. Wasan daban, ƙunshin sa'a daban, kuma aikinmu shi ne mu koya wa yaro raba su. Wanda ya la'anci duka a dunƙule ya sauƙaƙa wa kansa, ya bar yaro shi kaɗai da agogo da maɓalli.

To, mene ne abin yi? Na farko yana hannun malamin lissafi. Tun Disamba 2017 Apple ya wajabta wa wasannin da ke shagonsa bayyana damar samun abin da ke cikin ƙunshi, Google ya bi sahu a 2019. Wato alƙaluman suna nan cikin wayar yaro, a wani ɗan shafi da ba ya buɗewa. A sa ɗalibai su kawo su aji. A zuba tsakuwa ɗari a ƙwarya, ɗaya fara, kowa ya zaro ya mayar sau ɗari, a rubuta sakamako a allo. Darasin « probabilités » da ake jira sai a lise ana iya soma shi a nan da hannu da ido, kuma ɗalibin da ya zaro sau ɗari bai ga farar tsakuwa ba ba zai manta ba. Na biyu yana hannunmu, malaman harshe. A darasin Faransanci a karanta sharuɗɗan wasa ɗaya a matsayin matani, a nemo inda aka ce « licence » maimakon « propriété ». A darasin Hausa kuma a raɗa wa abubuwan suna. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma a Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen ƙasa da ba shi da suna ga abin da yake cinye daren ƴaƴansa yana da sauran aiki. Muddin ana cewa « pack », abin yana da ƙyalli. Ranar da yaro ya ji an kira shi ƙunshin sa'a, ko a fito fili a ce ƙullin caca, kunnensa zai gaya masa abin da kakarsa za ta gaya masa.

Ga uba ko yaya wanda ƙaninsa ya riga ya fara, ko yake shirin farawa, shawarata gajera ce. Ka zauna tare da shi ranar farko, ya nuna maka, kai ma ka buɗe ƙunshi ɗaya. Ku nemo shafin alƙaluma ku karanta tare. Kada a haɗa wasan da kowace hanyar biyan kuɗi, kada a sayi asusu a hannun kowa. A kashe saƙonnin da wasan yake aikowa don tunatarwa, a ajiye waya a ɗakin babba bayan sallar lisha a ranakun makaranta. Ka kuma gaya masa tun farko cewa kundin ba a yi shi don a cika ba, domin kafin ya kai ƙarshe za a fito da sabo.

Na uku yana hannun ƙungiyoyin al'adu, kuma shi ne ya fi mini daɗin faɗi. Garin da ya ƙago wasan kara, inda samari suke ɗaukar karan dawa su ƙera agogo da tabarau da bindiga su kwaikwayi sarki da gwamna, bai rasa basirar yin katunansa ba. Me zai hana ƙungiya ɗaya ta haɗa kai da maɗaba'a ta buga jerin katuna hamsin na takarda? Ga sarakunan Damagaram, daga Tanimu da ya kewaye Birni da ganuwa zuwa Amadu Kuran Daga da ya gamu da Faransawa a 1899. Ga ƴan kokowa, Langa-Langa namu wanda filin kokowar garin nan yake ɗauke da sunansa, da Kantu na Maradi, da Salma Ɗan Rani na Dosso. Ga Ma'azu Ɗan Alalo, ga Abdoulaye Mamani, ga André Salifou. Hoto a gaba, layi huɗu na Hausa da huɗu na Faransanci a baya. Kada a sayar da su a rufe. A ba da su tukuici ga wanda ya karanta littafi a ɗakin karatu, ko ya yi tatsuniya a gaban aji, ko ya ci gasar dara ko langa, kuma a bar yara su yi musaya yadda suka ga dama. Ba na cewa kati hamsin na takarda za su kayar da kamfanin da ke da miliyoyin daloli. Ina cewa yaron da ya taɓa mallakar abu na gaske, ya musanya shi da abokinsa ido da ido, yana da ma'aunin da zai auna na aro da shi.

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma wayar tana ƙara araha kowace shekara. Dokar Beljiyam ba za ta zo Kara-Kara ta tsaya a kan yaranmu ba. Abin da muke da shi a hannu shi ne allo da alli da harshe biyu, da awa ɗaya a mako wadda za mu iya warewa. Ina kira ga kowace makaranta a garin nan ta yi darasin ƙwarya da tsakuwa kafin hutun ƙarshen zango, kowace ƙungiyar malaman Hausa ta fitar da jerin kalmomi ashirin na wannan fanni, ƙungiyar al'adu ɗaya kuma ta ɗauki nauyin katunan Damagaram. In an buga su, a fara raba su a Kara-Kara.